Daga Debunsha Zuwa Kusiri

A nan ƙasarmu Kamaru akwai wani ƙauye a bakin teku, gaba da Limbe a kan hanyar Idenau, ana ce masa Debunsha. Da za a tare ruwan saman da ke zuba a wannan ƙauye cikin shekara guda, a hana shi gudu, a hana ƙasa ta shanye, to da tsayinsa ya kai wajen mita 10, wato kamar gidan bene mai hawa uku. Wurare kaɗan ne a duniya suka kai shi samun ruwa. A cikin ƙasar nan dai kuma akwai Kusiri, can ƙurewar arewa daura da Njamena, inda ruwan shekara ɗungum da ƙyar zai wuce gwiwar mutum. Tuta ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wani yana fama da yoyon ɗaki wata da watanni, wani kuwa yana duban gabas yana jiran hadari.

Mu malaman makaranta ba a barinmu mu tsufa a gari ɗaya, bana a tura ka nan, baɗi a tura ka can. Saboda haka mun bi hanyar da ke tsakanin wuraren nan biyu guntu-guntu, wani wuri a mota, wani wuri a jirgin ƙasa. Abin da muke so mu nuna a wannan wata shi ne bambancin nan yana da dalili. Akwai wutar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, akwai kuma iskoki biyu da ke kokawa a bisa kawunanmu. Da su Allah ya tsara wannan ƙasa, kuma su suka shata hanyar da kakanninmu fatake suka biyo har muka sami kanmu a nan.

Duk baƙon da ya sauka Limbe, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yashin bakin teku, domin baƙi ne ƙirin kamar garin gawayi. In ya juya baya, ranar da gajimare ya yi masa afuwa, sai ya ga inda yashin ya fito. Dutsen Kamaru ke nan, wanda ya tashi daga bakin ruwa ya haura mita 4,000, kuma daga nan har Senegal babu dutsen da ya kai shi tsawo. Dutse ne mai aman wuta, bai kuma mutu ba. Ya yi amai a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982, ya sake yi a 1999 da 2000. A 1999 narkakken dutse ya yi ta gangarowa sannu a hankali yana cinye daji da gonakin kwakwa, har ya datse titi a kusa da Bakingili, ya tsaya saura ƙiris ya faɗa teku. Tulin yana nan ya daskare, sai titin ne aka karkatar ya kewaye shi.

Mai karatu zai ce, to me ya zaunar da mutane a gindin irin wannan abu? Ƙasar noma ce ta zaunar da su. Narkakken dutsen nan idan ya shekara aru-aru ruwa na dukansa, rugujewa yake yi ya zama baƙar ƙasa mai albarka wadda kome ka jefa mata sai ya tsiro. Ita ce ta sa Jamusawa suka ƙwace filayen Bakwerawa suka kafa manyan gonaki, har suka mai da hedkwatar mulkinsu Buya a 1901 don sanyin wurin. Da dutsen ya yi gyaran murya a 1909 sai da suka tattara takardunsu suka gudu Duwala na ɗan lokaci.

Shi kuwa ruwan Debunsha, dutsen ne ke tatsarsa. Iska takan taso daga teku ta kudu maso yamma, jiƙe sharkaf da tururi, sai ta ci karo da wannan bango. Ba ta da hanya sai ta hau. A duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6, ita kuwa iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi kamar mai ɗumi, sai ta sauke kayanta a nan gefen da ke fuskantar teku. Ƙauyukan da ke bayan dutsen ba sa samun ko rabin abin da Debunsha ke samu.

To ina wutar ta fito? A nan sai mun ɗan koma aji. Wannan ƙasa da muke takawa ɓawo ce a kan wani dutse mai tsananin zafi wanda ke motsi a hankali kamar tuwon da ke sulala. Ɓawon kuma a farfashe yake, manyan sakainu ne aka jera, kowace tana tafiya, abin da bai wuce 'yan santimita ba a shekara. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener shi ya fito da maganar a 1912, lokacin 'yan uwansa na mulkinmu, ya ce nahiyoyi a haɗe suke a da. Aka yi masa dariya har ya mutu, sai a shekarun 1960, da aka auna ƙarƙashin teku, aka ga mutumin yana da gaskiya. Duk wanda ke da taswirar duniya a gida ya duba ƙusurwar Barazil da ta turo gabas, sa'an nan ya dubi lungun da tekunmu ya yi daga Duwala zuwa Legas. Kamar ƙwarya da marfinta. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce a manne suke, suka tsage, Tekun Atilantika ya shiga tsakani, har gobe kuma faɗi yake ƙarawa.

Mun san akwai dattawan da wannan magana ba ta kwanta musu ba, wani ma ya taɓa tare mu bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, yanzu abin da kuke koya wa yaran nan ke nan, wai ƙasa tafiya take yi?" Muka ce, "Baba, ai sanin yadda tukunya ke tafasa bai kore wanda ya hura wutar ba." Ya yi dariya, amma ba mu ce ya yarda ba.

Yawancin duwatsu masu aman wuta a bakin sakainun nan suke, inda wata ke gogar wata, kamar na Jafan da Indunusiya. Namu kuwa a tsakiyar sakainar Afirka yake, shi ya sa masana ke ta muhawara a kansa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Jeri ne mai tsawon wajen kilomita 1,600 wanda ya faro daga cikin teku, daga tsibiran Annobon da Sawo Tome da Firinsife da Biyoko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, ya bi ta Manenguba da Bambutos da Oku, daga nan ya yi rassa, wani ya nufi Ngaundere, wani ya bi ta duwatsun Mandara da tudun Biu a Nijeriya. Kashin bayan ƙasarmu ke nan.

Wannan jeri yana bayarwa, yana kuma karɓa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba za su manta daren 21 ga Agusta 1986 ba. A jihar Arewa maso Yamma akwai tafkin Nyos, wanda ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. Daga ƙarƙashinsa wata iska ce ke tsattsafowa, irin wadda ke sa kwalbar lemo ta yi kumfa, ana ce mata kabon dayoksaid. Nauyin ruwan sama ya danne ta a ƙasa shekara da shekaru, kamar yadda marfi ke danne ta a kwalba. A daren nan sai marfin ya buɗe. Iskar ta taso gaba ɗaya, da yake kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana malala kamar ruwa, ta shiga ƙauyukan Nyos da Ca da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da yawa a kan shimfiɗarsu, tare da dabbobi wajen 3,500, galibi shanun Fulani makiyaya. Ba gobara, ba rushewar gida, tukwane na kan murhu, masu su sun tafi. Da gari ya waye aka tarar tafkin ya koma ja saboda tsatsar ƙarfen da ta taso daga ƙasansa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi, domin a watan Agusta 1984 tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya yi irin wannan ya kashe mutum 37. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai a 2001 aka kafa bututun farko a Nyos mai fitar da iskar kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011.

Yanzu mu kama hanyar arewa. Daga Yawunde jirgin ƙasa na dare yakan tashi da yamma, ya kwana yana tafiya fiye da kilomita 600 zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare tun da ya isa can a 1974. Mutum zai yi barci a cikin kurmi, itatuwa sun rufe sama, ya farka a cikin ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ga sanyi na shigowa ta taga. Cikin dare ɗaya an canza masa duniya, kuma a nan ne maganar iskoki ta shigo.

Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wajajen da kurmi yake. Iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama, ta zubar da ruwanta, sa'an nan ta bazu can sama ta nufi arewa da kudu. Wadda ta yi arewa takan sauko a kan Sahara, ta riga ta bushe ƙayau, kuma wannan saukowar ce ta sa Sahara ta zama hamada. Daga nan sai ta juyo ta ƙasa-ƙasa, juyawar duniya ta karkatar da ita, ta zo mana daga arewa maso gabas. Iskar hunturu ke nan. Kishiyarta ita ce ta teku wadda muka gani a Debunsha. Inda suka haɗu nan hadari ke haɗuwa, kuma wannan mahaɗa tana bin rana ne. Daga watan Maris takan yi ta matsawa arewa har ta kai bakin hamada a Agusta, sa'an nan ta juyo. Shi ya sa mutanen Yawunde ke da damina biyu, domin hadarin yana bi ta kansu da tafiya da dawowa. Ngaundere takan sami wajen wata bakwai, Marwa wata huɗu, Kusiri kuwa da ƙyar take cika uku na kirki. Duk wanda ya fi nisa da teku shi ake kai wa a ƙarshe, shi ake fara ɗauke wa.

Amma Ngaundere ta sami abin da nisanta bai ba ta ba, saboda tudu. Zafin nan na ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga dukan yankin Adamawa sama da mita 1,000, ya kuma bar shaidarsa: tafkin Tizon da ke bayan gari bakin tsohon dutse mai aman wuta ne. Sunan garin ma daga dutse ya samo asali, a harshen Mbum ma'anarsa dutsen cibiya, saboda wani ƙaton dutse da ke zaune a kan tsaunin kamar cibiyar jariri. Tudun nan yana samun ruwa wajen milimita 1,500 a shekara, kuma in an ce randar Kamaru, to shi ake nufi. Daga gefensa na kudu Jerem ke fita ya haɗu da Lom su zama Sanaga, wanda ke juya injinan lantarki a Ideya da Song Lulu. Daga gefen arewa Binuwai ke fita. Daga gabas kuma rafukan da ke zama Logon. Har ma akwai koguna biyu masu suna ɗaya, Vina, ɗaya ya bi kudu ya ƙare a teku, ɗaya ya bi Logon ya ƙare a Tafkin Chadi. Mai shago a Duwala da ya kunna fitila da masunci a Kusiri da ya jefa taru, ruwan tudu ɗaya suke ci, ko da ba su san juna ba.

A ganinmu, a nan ne tarihinmu ya ratsa cikin labarin. Bafatake ba ya tafiya inda kowa ke da abin da kowa ke da shi. Tsaunukan Banso da Nkambe masu ruwa da sanyi suna fid da goro. Tudun Adamawa mai ciyawa yana fid da shanu, gudali masu tozo. Busasshiyar arewa, wajen tafki, tana fid da kanwa da busasshen kifi. Kakanninmu sun biyo sawun Modibbo Adama da mutanensa a ƙarni na 19, suka kafa zango a Banyo da Tibati da Ngaundere, suna kai wa wannan abin da wancan ya rasa, daga baya suka gangara har Yawunde da Duwala. Yau ma mai tsiren da ke Brikiteri da naman Adamawa yake sana'a, albasar da ke kan tirensa kuwa mai yiwuwa daga Marwa ta zo. Da ƙasar nan shimfiɗe take bai ɗaya, ruwanta ɗaya, da babu abin da zai kawo mu.

Kilomita kaɗan arewa da Ngaundere sai tudun ya yanke. Titi ya shiga lanƙwasa yana gangarawa, manyan motoci na tafiya kamar hawainiya, ƙaurin birki ya cika hanci, a gefen hanya kuma ga gawarwakin waɗanda birkin ya ci amanarsu. Wanda ya fito da rigar sanyi, kafin a kai ƙasa ya tuɓe ta. Garwa ba ta fi mita 250 daga doron teku ba, kuma a watan Maris da Afrilu zafinta yakan wuce digiri 40. Ɗalibanmu na can sukan yi tsammanin kusancin hamada ne kawai, alhali rabin laifin na kwari ne.

Wannan kwari kuwa tsohon tabo ne. Lokacin da Barazil ke rabuwa da mu, tsaga uku ce ta haɗu a lungun tekunmu. Biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama teku. Ta ukun ta kutsa cikin nahiya ta nufi arewa maso gabas, ta buɗe kaɗan, sai ta tsaya. Ƙasa ta lotsa a wurin, har ruwan teku ya taɓa shiga, daga baya yashi da laka suka cike ta. Cikin wannan tsaga Binuwai ke gudu yau, daga Garwa ya wuce Yola da Makurɗi ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Da tsagar ta ci gaba, da mutanen Garwa jirgin ruwa za su hau su je Kano. Danginta suna nan binne a kudancin Chadi, kuma cikinsu aka sami man fetur na Doba, wanda tun 2003 ake turo shi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 har Kiribi. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ita ma a kan Binuwai take, tana ba arewa wuta, amma duk shekarar da ruwa ya yi yawa aka buɗe ta, kamar 2012, na ƙasa da ita har cikin Nijeriya su ke kwana a tsaye.

Daga Garwa zuwa Marwa ba za mu daɗe ba. Auduga, gyaɗa, kuka, sai kogunan da ake ce wa mayo, waɗanda da rani yara ke buga ƙwallo a cikinsu, mata na tonon yashi suna ɗiban ruwa. Ta yamma duwatsun Mandara ne, inda manoma suka sassaƙa gangare suka yi masa matakala da duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Can ne Rumsiki take, da dogon dutsenta mai kama da taɓarya a tsaye, wanda asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani mai aman wuta, jikin ya zaizaye, shi ya rage. Rashin tsaron da ya addabi yankin tun 2013 ya rage masu zuwa kallonsa ƙwarai. A filayen laka kuwa manoma sun yi wa gajeriyar damina dabara: bayan ruwa ya ɗauke sai su dasa masakwa, ta girma da danshin da laka ta riƙe, a girbe ta tsakiyar rani ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba.

Kusiri tana zaune inda Logon ya haɗu da Shari, su biyun kuma su ke kai wa Tafkin Chadi wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da mahaɗar iskokin nan ta yi ta gazawa wajen hawa arewa, aka yi farin 1973 da na 1984, sai ya tsuke ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma. Daga baya ya ɗan farfaɗo, amma bai koma yadda yake ba. Tafki ne marar zurfi, ruwa kaɗan ke faɗaɗa shi, fari kaɗan ke janye shi, kuma kowace janyewa sai ta haɗa manomi da makiyayi da masunci a kan fili ɗaya.

Ko a 1963 ɗin ma saura ne. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da iskar teku ke kutsawa can cikin Sahara, tafkin ya fi na 1963 girma fiye da sau goma. Mafi zurfin wurinsa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda yanzu ya bushe ƙurmus, ƙasansa cike da farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu. Iskar hunturu takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan ta yi sama da shi, kuma babu wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura. Hazon da ke fasa mana leɓe, ya hana jirgin sama sauka a Marwa, kaso mai yawa nasa ƙasan tsohon tafki ne. Wani ma yakan ƙetare Atilantika ya sauka a dajin Amazon, a Barazil ɗin nan da ta rabu da mu.

Wanda ke son ya ga abin da idonsa ya je Kusiri a farkon Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke tun makonni, ciyawa ta fara ja, amma a lokacin ne kogi ke kai ƙarshen cikarsa, domin ruwan da ya zuba a Adamawa da Afirka ta Tsakiya tun Agusta sai yanzu ya iso. A 2022 haka ya shiga unguwanni ya tashi dubban mutane, sama tana tas babu ko gajimare. Magidanta na cika buhuna da ƙasa suna tare bakin ruwa, sun naɗe fuska da rawani saboda ƙurar da ta fara sauka daga arewa.